Ranar Da Na Jefa Takalman Lauya Cikin Ƙaya

Ba za ni taɓa mantawa da waɗanda ke garkar marigayi mijina a ran nan ba, don ko ni na so mantawa, su ba su manta ba. Akwai Magaji, mai garinmu, a kan buzunsa. Akwai Liman a damansa yana jan carbi. Akwai Hajo, Bafilatanar da fari ya bar wa shanu uku daga garke guda, tana tsaye bayan shinge da igiya a hannu. Daga birni kuma mutum uku suka zo: Alhajin ruwa, wato babban jami'in ma'aikatar da ke kula da rijiyoyi, da magatakardansa mai riƙe da takardu da ɗan akwatin tawada, da wani siririn mutum mai tabarau da baƙar jaka wanda aka ce sunansa Malam Sa'adu. Sai matan gari da tulunansu, sun yi layi har bakin hanya. Sai ni a kan tabarmata, ni kaɗai, don tun rasuwar mai gidana ba wanda ke gigin zama kusa da ni.

Shekara ta biyu ke nan muna cikin fari. Gero ya tsiro ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye, gulbi ya koma hanyar jakuna, mutanen ƙetaren iyaka suna ratsa garinmu da tabarmi a ka ba su san inda za su ba. Anza muke jiƙawa kwana da kwanaki, mu zubar da ɗacinta mu ci. Rijiyoyin gari duk sun ƙafe har ta masallaci, kuma daga nan har kusa da Kamarawa guda ɗaya ta rage da ruwa, ita ce wadda marigayi ya gina da hannunsa a tsakiyar garkarsa. Garkar ba wata babba ba ce, 'yan fangalan albasa ne da tattasai da yakuwa, amma ita kaɗai ta rage mini. 'Ya'yana maza biyu sun tafi cin rani kudu tun farin farko. Babban ya aiko da gaisuwa sau ɗaya, ƙaramin kuwa ko tarinsa ban ji ba.

Sai in faɗi gaskiya a kan halina, tun kafin wani ya faɗa muku. Ni mace ce mai ido. Ban taɓa shiga aji ba, ban san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ina gane mudun da aka bubbuga gindinsa tun daga nesa a kasuwar Sabon Birni. Ina gane wanda ya tsinke mini albasa daga sawunsa. Ina gane mai ciki tun uwarta ba ta gane ba. Kuma abin da idona ya gani, bakina ba ya kwana da shi. (Da wannan nake taƙama a lokacin. Ban lura ba cewa shi ya sa mata ke gaishe ni daga bayan shinge su wuce, ba mai shigowa ta sha ruwa ta yi hira.)

Da marigayi yana raye akwai wani abu da yake yi. In ya ga na ɗauko magana da zafi, ba ya cewa komai, sai ya yi gyaran murya sau ɗaya, kamar ƙaiƙayi ya shiga masa maƙogwaro. In na ji, sai in haɗiye sauran. Shekara arba'in da wani abu muna haka, ba wanda ya sani a gari. Ran da aka kai shi makwancinsa aka tafi da gyaran muryar nan, ni kuwa na ci gaba da zuba ba mai tsai da ni.

To, a ran nan tun saukarsu daga mota na sa wa mai tabarau ido. Alhaji ya nufi rijiya ya leƙa, ya yi hamdala, ya ce za su zurfafa ta, su ɗaure ta da siminti, su sa mata famfo kowa ya sha. Magana mai daɗi. Shi kuwa siririn ko rijiyar bai leƙa ba, sai ya bi gefen shinge yana ƙidaya taku yana rubutawa. Da ya gama ya zo ya durƙusa gabana ya gaishe ni da ladabi, har da tambayar gajiya da haƙurin rashi, sannan ya ce, "Inna, marigayi ya bar ɗiya nawa?"

Na ce, "Biyu."

"Suna gari?"

"Ba su nan."

"An raba gado?"

Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Kai mai rabon gado ne, ko mai gyaran rijiya?"

Ya yi murmushi ya ce shi lauyan ma'aikata ne. Ni kuwa abin da na sani game da lauya, daga bakin fatake na ji shi: mutum ne da ake ɗauka a birni ya tsaya gaban alƙali ya juya magana har mai gaskiya ya rasa ta cewa. Na ce a raina, in ruwa suka kawo mana, me ya haɗa ruwa da mai juya magana? Ga shi ya auna garka, ga shi ya tabbatar ba ni da namiji a gida. Nan take na gama masa shari'a na yanke hukunci.

Aka shimfiɗa wa baƙi babbar tabarma a inuwar gawo, suka tuɓe takalma suka zauna. Takalman lauyan baƙaƙe ne masu igiya, sai ƙyalli suke, ya jera su a bakin tabarma kusa da ƙafata. Alhaji ya fara bayani, ya ce injin haƙa yana hanya, jibi zai iso, in bai samu wurin aiki a shirye ba zai wuce Tsamaye, kuma in ya wuce sai wata shekara. Abu ɗaya ya rage, in dangwala yatsa a takarda cewa na yarda. Ya miƙa hannu wajen magatakarda zai karɓi takardar, sai siririn ya karkata ya sa baki a kunnensa. Alhaji ya ɓata fuska ya janye hannu.

Ku da ke birni ƙila ba ku ɗauki raɗa a bakin komai ba. Mu a nan, mai raɗa a tsakiyar taro ɗayan biyu ne, ko munafuki ko dillali. Na sha ganin dillalai a kasuwar shanu, su ja mai saye gefe su hura masa magana a kunne, mai saniya yana tsaye yana kallo ana yanka shi. Mutumin kirki in yana da magana, gaban Magaji da Liman yake ajiye ta kowa ya gani.

Alhaji ya sake ɗauko bayani, ya kawo maganar yaran da ke kwana da ƙishi, ya sake miƙa hannu. Raɗa ta biyu. Ya sake janyewa, har da tsaki ƙasa-ƙasa. Matan layi suka fara gunaguni, rana ta take, tuluna ba komai. Ni kuwa na ce yauwa, na gano zancen. Alhaji mutumin kirki ne yana son ba mu ruwa, wannan siririn shi ke hana shi, so yake a ja magana har inji ya wuce, in gaji, ya aiko a saye garkar a banza.

Da ya karkata karo na uku, ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kai, wanga mai tabarau! Mi kake hura mai a kunne tun ɗazu? Kunnen Alhaji tanderu ne?"

Malam Sa'adu ya ɗago kai. Ya ce, "Inna, aikina ne nake..."

"Aikinka munafunci? Ga Magaji, ga Liman, ga ni mai garka. In magana ta gaskiya ce, mi ya hana ta fitowa rana? Ka auna mini shinge, ka ƙidaya mini ɗiya, ka ga tsohuwa ba kowa, ko? To garkar mijina ba a raɗa cikinta. Tashi ka bi takalmanka!"

Na duƙa na kwashe takalman nan biyu, na wurga su bayan shinge da duk ƙarfin da anza ta bar mini. Shingen kuwa na ƙaya ne, marigayi ya tara shi tsayin mutum saboda awaki, bayansa kuma ƙarangiya ce shimfiɗe. Ɗaya ya tsallake, ɗaya ya nutse tsakiyar ƙaya. Wata daga cikin matan layi ta yi guɗa. (Har yau na san ko wace ce, kuma har yau ban yafe mata ba, don guɗar nan ce ta ƙara mini iska.) Malam Sa'adu ya dubi Alhaji, Alhaji ya kau da kai. Sai ya tashi a hankali, ya ɗauki jakarsa, ya fita ta ƙofar garka da safa a ƙafa yana ɗingishi.

Na koma na zauna, na gyara mayafi kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Na ce, "Alhaji, mai hana ruwa ya tafi. Kawo takardarka."

Daga bayan shinge Hajo ta ce, "Inna, da kin bari an karanta..."

Na ce, "Ke Hajo, shanunki uku sun sha, ko ba su sha ba? To ki ji da su."

Ta ja igiyarta ta koma baya. Magaji ya duƙar da kai yana wasa da gefen buzu, Liman ya ƙara wa carbinsa sauri. Dukansu sun ga abin da ban gani ba, ko aƙalla sun ji a jikinsu, amma wa zai taɓa ni? Magatakarda ya matso, ya buɗe akwatin tawada, ya kama babban yatsana ya danna a ciki. Na ɗaga shi sama, shuɗi shar, ina juya shi don matan layi su gani. Ya shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa ya nuna mini gurbin.

Sai muka ji murya daga ƙofar garka.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni."

Malam Sa'adu ne. Takalmi ɗaya a hannu, safarsa ta cika da ƙarangiya har idon sawu, kamar bushiya biyu ya taka. Bai dube ni ba, Alhaji ya fuskanta.

"Inna ta hana raɗa, kuma garkarta ce, dole in bi. Don haka abin da na faɗa maka a ofis, na kuma faɗa maka sau uku a kunne, za ni faɗe shi da ƙarfi. Wagga takarda ba ta rijiya ba ce. Irin wadda muke bayarwa ce in za a karɓi fili gaba ɗaya. In Inna ta dangwala, daga shinge zuwa shinge ya zama na ma'aikata, har albasar da ke ciki. Na biyu, ba a karanta mata ba. Na uku, garkar gado ce da ba a raba ba, tana da rabonta, amma ba ta da ikon ba da na ɗiyanta."

Alhaji ya share gumi ya ce, "Sa'adu, ka san ba garkarta nake so ba. Takardar da ke akwai ke nan, inji kuma ba ya jira. Dubi matan can."

"Na gan su, ranka ya daɗe, shi ya sa nake son rijiyar ta tsaya da ƙafarta. Ran da ɗiyanta suka dawo suka kai ƙara, ni za a tura gaban alƙali, kuma ba ni da abin faɗi. A rufe famfo, a kira sunanka, a kira na ma'aikata. Ka ba ni rabin sa'a in rubuta wadda ta dace."

Ni fa duk wannan magana yatsana yana sama. Na rasa inda za ni kai shi. In sauke shi a cinya, ya ɓata mini zane. In ɓoye shi a mayafi, kowa ya riga ya gani. Haka na zauna da yatsa shuɗi a tsaye kamar mai neman izinin magana, tsakaninsa da takardar da za ta raba ni da garkar mijina bai fi faɗin tafin hannu ba. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Mai guɗar nan ma sai ta sunkuya tana gyara gammo. Mace mai gane mudun ƙarya daga nesa, ga ta ta kori mutum ɗaya tak da ya tsaya tsakaninta da asara, har da jefa masa takalma.

Alhaji ya yi ajiyar zuciya, ya ninke takardar ya sa aljihu. (Ba na zarginsa. Mutum ne da ƙishin gari goma ke bin sa a baya, gaggawa ce ta ja shi, kamar yadda baki ya ja ni.) Malam Sa'adu ya zauna a bakin tabarma, ya ɗora jaka a gwiwa ya yi rubutu, ƙarangiyar tana nan a ƙafarsa bai ko cire ba. Da ya gama ya karanta da Hausa, sannu-sannu, har sau biyu. Rijiya da hanyar zuwa gare ta, faɗin taku uku daga ƙofa, an ba gari aro don shan ruwa. Garka tana hannun magada. Ruwan ban albasa ba mai hana ni. In 'ya'yana sun dawo za a sake zama da su. Ya tambayi Liman ko akwai abin da ya saɓa, Liman ya ce babu. Sannan ya juyo ya ce, "Inna, kin ji? Kin yarda? In ba ki yarda ba ki faɗa, ba dole."

Na ce na yarda, da wata 'yar murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Tawadar ta riga ta bushe, sai da aka sake danna yatsan.

Da suka tashi tafiya na bi shi har mota. Ban iya ba da haƙuri ba, bakina bai saba ba, sai na ce, "Ɗana, ashe kai nawa ne."

Ya tsaya da takalminsa ɗaya a hannu ya ce, "A'a, Inna, kada in ruɗe ki. Ni na ma'aikata ne. Ita ta ɗauke ni in riƙa duba mata hanya kafin ta taka, in gaya wa manya abin da doka ta yarda da abin da ba ta yarda ba, tun magana ba ta fita waje ba. Shi ya sa nake yi a kunne, don babba ya gyara da kansa ba a ji ba. Yau dai amfaninki da nata sun zo ɗaya. Wata rana in ita ke da gaskiya, ni ne za ni gyara takardar da ba za ki so ba. Ki samu naki, Inna, wanda zai riƙa zama kusa da ke."

Ya shiga mota da ƙafa ɗaya a takalmi, suka tafi.

Maganar nan ta ƙarshe ta fi tawadar kama ni. Na koma gida na zauna a tsakar gida da 'yar anzata a ƙwarya, na kasa ci. Ina ta tunani, ashe gwamnati da girmanta, da motocinta da injinanta, ba ta yarda da kanta ba, sai da ta ajiye mutum musamman tana ciyar da shi don ya riƙa yi mata gyaran murya. Ni kuwa da ba ni da komai sai garka da baki, na ɗauka na fi ƙarfin wannan. Nawa mai gyaran muryar yana kwance bayan gari shekara huɗu, ban nemi wani ba, wadda ta gwada ma na tura ta wajen shanunta. Abin da na koya, in za a kira shi koyo a shekaruna, shi ne idon da ke ganin kowa ba ya ganin mai shi, kuma ba kowane mai raɗa ne ke sayar da kai ba, wani riƙe ka yake yi. Tawadar kuwa kwana tara ta yi a yatsana, duk wadda na miƙa wa guga sai ta kalle shi ta kau da kai.

Washegari da sassafe na ɗauki sandar marigayi mai ƙugiya na shiga shingen nan. Sai da ƙaya ta yage mini hannu biyu kafin na zaro takalmin. Na goge shi da gefen zanena, na naɗe a tsumma mai tsabta, na kai wa Magaji na ce a ba masu inji su kai birni. Magaji ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskata ya fasa.

Daga nan na ciro albasa biyar masu kyau, na nufi rugar su Hajo a bayan gari, inda ban taɓa takawa ba. Na same ta tana ba shanunta ɓawon dawa. Na dire albasar gabanta na ce, "Ke Hajo, gobe masu inji za su zo. Za ki zauna a tabarmata, kusa da ni, nan dama. In kin ga na ɗauko magana da zafi, ba sai kin ce komai ba, gyaran murya kawai za ki yi. Kuma ban son gardama, kuma ki sa zane mai kyau, ba wanga da..."

Hajo ta dube ni, ta dubi albasa, sai ta yi gyaran murya.

Na ce, "Ai ban fara ba tukuna!"

Ta ce, "Kin fara, Inna. Ko sallama ba ki yi ba."

Na haɗiye sauran. Na koma bakin ruga, na tsaya, na yi sallama.